Birni, Bariki Da Kotu: Daga Chandigarh Zuwa Kaduna Da Mokolo

Hausa tana da kalmomi biyu da kowace ke nufin babban mazaunin jama'a, amma Bahaushe bai taɓa zuba su a kwando ɗaya ba. Su ne birni da bariki. Birni shi ne irin Kano da Katsina da Zariya, mai ganuwa da ƙofofi, da fada da masallacin Juma'a da tsohuwar kasuwa, inda ake sanin mutum da gidan kakansa. Bariki kuwa aro ce daga Turanci. Asalinta masaukin soja, sannan ma'anarta ta yaɗu ta mamaye duk inda Bature ya kafa ofis ya zauna. Daga nan aka sami zaman bariki da ɗan bariki, wato wanda ya yi nisa da idon iyaye, ya goge, ya iya zama da kowane irin mutum, har aka ce bariki iyawa.

Bambancin wuraren biyu ya fi fitowa ranar da rigima ta tashi. A birni, mutum biyu da suka saɓa sun san hanya: mai unguwa, sannan alƙali, sannan sarki. A bariki kowa baƙo ne, kowa ya zo da al'adar garinsu da addininsa. Kafin a tambayi wane ne mai gaskiya, sai an fara tambayar da wace doka za a auna gaskiyar, kuma wane ne zai riƙe ma'aunin. Mai zanen gari yana iya miƙar da titi yadda ya ga dama, amma wannan tambaya ba ta bin layin da ya ja. Tarihin Kaduna ya nuna haka, kuma reshen tarihin ya kai har duwatsun Mandara, inda Mokolo take.

Asalin abin a Indiya

A Indiya Turawan Ingila suka ƙware da kafa bariki. A can suka saba gina unguwar soja da ta ma'aikata nesa da tsohon gari, da tituna miƙaƙƙu da itatuwa a jere. A 1911 Sarki George na Biyar ya sanar da mayar da hedikwatar mulki daga Kalkata zuwa Delhi, aka ɗora wa Edwin Lutyens da Herbert Baker zana sabon garin, aka buɗe shi a 1931. Bayan samun mulkin kai Indiyawa suka ɗora daga nan. Rabuwar ƙasa ta 1947 ta bar Lahore, babban birnin Punjab, a hannun Pakistan, sai Firayim Minista Jawaharlal Nehru ya tsaya a kan a gina sabon gari daga tushe. Wannan gari shi ne Chandigarh. Le Corbusier, masanin zanen gine-gine haifaffen Suwizalan, ya yanka shi unguwa-unguwa, kowace da lambarta, kowace kimanin mita 800 a faɗi da mita 1,200 a tsawo. Babbar Kotu tana cikin manyan gine-ginen da aka fara kammalawa, ta soma zama a can a 1955. Da aka tsaga jihar a 1966 aka fitar da Haryana, jihohin biyu suka ci gaba da tarayya a kan gari ɗaya da Babbar Kotu ɗaya. Kotun gundumar garin a yau tana unguwa mai lamba 43.

Maginan Chandigarh sun tarar da wani aiki an riga an yi musu shi. Indiya tana da kundi guda na laifuffuka da hukunce-hukuncensu, wanda Thomas Macaulay ya jagoranci rubuta daftarinsa a 1837, aka zartar da shi a 1860, ya fara aiki a 1862. Da shi ake hukunta mabiyin addinin Hindu da Musulmi da Kirista, ba a tambayar mai laifi addininsa. Aure da saki da gado ne aka bar wa kowace al'umma ta bi nata tsarin. Mai karatu ya riƙe wannan kundi a ransa, domin zai sake haɗuwa da shi a bakin kogin Kaduna.

Garin Gwamna

Frederick Lugard, wanda Hausawa suka fi sani da Gwamna Lugga, a Madras ta Indiya aka haife shi a 1858, kuma a wannan yanki ya yi farkon aikinsa na soja. Ya kafa tutar mulkin Arewa a Lakwaja a 1900, ya zauna a Jabba, sannan ya koma Zungeru a 1902. Zungeru ba ta gamsar da Turawa ba saboda zafi da sauro. Lokacin da Lugga ya dawo a 1912 don shirin haɗe Arewa da Kudu, wanda aka yi a 1914, jirgin ƙasa ya riga ya isa Kano tun 1911. Sai aka zaɓi wurin da layin dogo ya ƙetare kogin Kaduna, a ƙasar Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, cikin yankin masarautar Zazzau. Wurin yana da ruwa, yana kan dogo, kuma ba fadar wani sarki ba ne. Soja suka fara tarewa, gwamnati ta biyo baya a 1917. Bayanin da ya fi yawo game da sunan shi ne jam'in kada ne, saboda kadojin da ke kogin. Mutanen Arewa kuma suka yi masa laƙabi da Garin Gwamna.

Dokar tsara garuruwa ta 1917 ta kasa garuruwan Nijeriya aji uku. Ikko kaɗai ce a aji na ɗaya, Kaduna tana na biyu. Ƙa'idar ita ce a ware unguwar Turawa, a kewaye ta da fili mai faɗin yadi 440 wanda ba a yarda a yi gini a cikinsa ba, da hujjar sauro da gobara, sannan a yanka wa 'yan ƙasa filaye a bayan haka. Sai jama'a suka kwararo: magina da leburorin dogo, akawuna daga Kudu, sojoji da iyalansu, kukuku da boyi-boyi, mahauta da fatake. Sunayen wurare sun adana labarin. Akwai titin Kano da titin Katsina, akwai na Legas da na Ibadan da na Abeokuta, akwai Unguwar Kanawa da Tudun Nupawa da Tudun Wada. Ɗan asalin wurin, Bagware, shi ne ya koma tamkar baƙo a gonar kakansa.

Da wace doka?

A tsofaffin birane Turawa sun tarar da alƙalai suna hukunci da fiƙihun Malikiyya, suna duba Risala da Mukhtasar da Tuhfa. Suka bar su a kan aikinsu, suka hana wasu hukunce-hukunce irin su yanke hannu, daga baya suka kasa kotunan daraja-daraja. Manyan sarakuna suna iya yanke hukuncin kisa, amma sai gwamna ya tabbatar. A cikin iyakar bariki kuwa majistare Bature ne ke zama da dokar Ingila. Kaduna ta faɗa tsakanin tsarin biyu, domin unguwannin 'yan ƙasa sun daɗe a ƙarƙashin En'e ta Zazzau, har zuwa 1956 da aka cire garin aka mai da shi yanki mai zaman kansa a hannun gwamnatin Jihar Arewa.

A ƙaddara tela Bayarabe Kirista ya ranta wa mahauci Bahaushe kuɗi, rana ta zo, biya ya gagara. In aka je gaban alƙali, telan yana fargabar a ƙi karɓar shaidarsa. In aka je gaban majistare, mahaucin yana ganin an kai shi inda ba a jin harshensa, ana auna shi da dokar da bai taɓa jin labarinta ba. Kowannensu yana da hujjar tsoronsa. Irin wannan ce ta sa aka kafa wa Sabon Garin Kano kotun gamayya mai wakilan ƙabilu dabam-dabam.

A shari'ar kisa abin ya fi muni. A 1947 ƙarar Tsofo Gubba ta kai gaban kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke masa hukuncin kisa, domin a fiƙihu kisan ganganci ne. Kotun Turawa ta soke hukuncin, domin a kundinsu wanda aka tunzura har ya yi kisa cikin fushi ba a kashe shi. Laifi ɗaya, ƙasa ɗaya, amma ran mutum ya rataya a kan ƙofar da aka shigar da shi. Sarakuna suka ji an taɓa musu shari'a. Waɗanda ba Musulmi ba kuma suka kai kukansu gaban hukumar Willink, wadda ta binciki fargabar ƙananan ƙabilu a 1957 da 1958, suna cewa ƙa'idojin shaida da na diyya ba su daidaita su da Musulmi ba.

Mulkin kai yana ƙaratowa, gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta ga babu makawa sai an warware wannan ƙulli. Ta aika wakilai Libiya da Pakistan da Sudan su ga yadda ƙasashen Musulmi suka yi. A 1958 wani kwamitin masana shari'a ya zauna a Kaduna a ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan. A cikinsa akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa J. N. D. Anderson na Landan, da Shettima Kashim Wazirin Borno, da Peter Achimugu, da Malam Musa Babban Alƙalin Bida. Suka ba da shawarar a yi kundin laifuffuka guda ga kowa, a bar wa shari'ar Musulunci aure da saki da gado da makamantansu.

Kundin da aka ɗauka abin koyi shi ne na Sudan, wanda tun 1899 aka tsamo shi daga na Indiya. Ta haka aikin Macaulay ya ratso Khartum ya sauka Kaduna. Majalisar Arewa ta zartar da shi a 1959, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960, ana gobe za a karɓi mulkin kai. Shi ne abin da ma'aikatan kotu da 'yan jarida ke kira Final Kod. An yi masa ɗinki daidai jikin Arewa: shan giya ya zama laifi ga Musulmi, zina ta zama laifi ga wanda addininsa ko al'adarsa ta haramta, aka kuma bar bulalar haddi. Aka tura alƙalai kwas a makarantar horar da ma'aikata ta Kongo, Zariya, aka ce da farko kundin ya zame musu jagora kafin su saba da shi. A shekarar aka buɗe Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci a Kaduna, inda Shaikh Abubakar Mahmud Gumi ya zama Alƙalin Alƙalai a 1962. Bayan juyin mulki aka rufe kotunan sarakuna, a 1968 kuma aka cire alƙalai daga hannun En'e aka mai da su ma'aikatan shari'a na jiha, kotunansu suka koma kotunan yanki.

Wannan sulhu ya yi kusan shekara 40 yana aiki, amma kowane ɓangare yana ganin shi ne ya yi rangwame. Da Jihar Zamfara ta dawo da hukunce-hukuncen laifi na Musulunci a farkon 2000, muhawara ta iso Kaduna. Ranar 21 ga Fabrairu zanga-zanga ta rikiɗe ta zama faɗa, aka sake wani a watan Mayu, rayuka fiye da dubu suka salwanta. Maƙwabtan shekara da shekaru suka kwashe kaya. Musulmi suka fi karkata arewacin kogi, Kirista suka fi karkata kudu. Filin yadi 440 na Lugga ya daɗe da cikewa da gidaje, sai ga kogin da ya ba garin suna ya zama sabuwar iyaka, wadda babu mai zanen da ya sa ta a taswira. A Nuwamba 2001 gwamnatin Ahmed Muhammad Maƙarfi ta soke kotunan yanki, ta kafa kotunan shari'ar Musulunci da kotunan al'ada, ga kuma na majistare, domin kowa ya sami ƙofar da ya yarda da ita.

Madagali da Mokolo

Dokar da aka rubuta a Kaduna ta yi tafiya gabas har ta tsaya a gindin duwatsun Mandara. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Madagali da yankin da Mokolo take duk Kamarun Jamus ne. Garwa ta faɗi a Yuni 1915, Mora ta miƙa wuya a Fabrairu 1916, sai yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1919 ta ja layi a kan duwatsun. Madagali ta faɗa rabon Ingila, Mokolo ta faɗa na Faransa, alhali tsakaninsu bai kai kilomita 40 a miƙe ba. Layin ya tsaga Mafa, waɗanda aka fi sani a da da Matakam, ya kuma raba Kapsiki da 'yan'uwansu Higi na Michika. A ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairu 1961 arewacin rabon Ingila ya zaɓi Nijeriya, ya shiga ranar 1 ga Yuni ya zama Lardin Sardauna mai hedikwata a Mubi. Tun daga lokacin, Bamafen da ya yi laifi a Madagali ana hukunta shi da jikan kundin Indiya.

Ɗan'uwansa na Mokolo hanyarsa dabam. Mokolo ita ma bariki ce, ta girma ne a kewayen ofishin da Faransawa suka kafa bayan yaƙin don su riƙe mutanen duwatsu. Matsalar da ta tarar ta yi kama da ta Kaduna. Fulani da Hausawa Musulmi suna ƙasa, Mafa suna kan tuddai da al'adunsu, kuma tsakaninsu akwai miki. Hamman Yaji, mai sarautar Madagali, ya bar littafin da ya riƙa rubuta al'amuransa daga 1912 zuwa 1927, a ciki har da hare-haren kamun bayi da ya aika cikin waɗannan duwatsu, kafin Turawan Ingila su tuɓe shi a 1927. Wanda aka kama kakarsa ba zai yi saurin amincewa da alƙalin fadar da ta kama ta ba. Har yau garin yana da masarautu biyu, ta Mokolo da ta Matakam ta Kudu.

Faransawa ba su jingina mulkinsu a kan alƙalai yadda Ingilishi suka yi ba. Kumandan shi ne mai mulki, shi ne mai shari'a. Dokar da suke kira indigénat ta ba shi ikon ɗaure ɗan ƙasa har kwana 15 ba tare da zaman kotu ba, kuma in an zauna kotun 'yan ƙasa shi ke shugabanta, da dattawa masu ba da shawara a gefensa. A 1946 aka soke wannan doka, aka ɗora kundin laifuffukan Faransa a kan kowa, wanda tushensa ke komawa zamanin Napoleon. Kamaru ta yi nata kundin tsakanin 1965 da 1967, ta sabunta shi a 2016. A ɓangaren aure da gado da bashi, dokar 19 ga Disamba, 1969 ta bar kotunan gargajiya iri biyu a yankin masu Faransanci, inda dattawa masu wakiltar al'adar masu ƙara ke zama tare da shugaban kotu. Akwai wata hikima a cikinta: in wanda ake ƙara ya ce tun farko bai yarda da kotun gargajiya ba, sai a mai da maganar kotun zamani. Mokolo, a matsayinta na hedikwatar gundumar Mayo-Tsanaga, tana da kotunan gwamnati. Ɗaukaka ƙara kuma Marwa ake kai ta, domin tun 1983 aka raba tsohon Lardin Arewa mai hedikwata a Garwa gida uku. Duk da haka rigingimu da yawa a fadar lamiɗo suke ƙarewa, a gaban alkaali, cikin majalisar da sarautunta irin su Galdima da Sarki Yaaƙi da Sarki Saanu ba za su yi wa kunnen Bahaushe baƙunta ba.

Abin da kalmomi suka adana

Ɗalibin Hausa yana iya karanta wannan tarihi duka a bakin mai ƙara. Alƙali da shari'a da hukunci da shaida da muhuti da diyya Larabci ya ba da su, sun zo tare da birni da malamansa. Kotu da joji da lauya da majistare da sammaci da beli da fursuna da caji ofis daga Turanci suke, sun zo tare da bariki. Ƙara da ɗaukaka ƙara da rantsuwa da sasantawa na gida ne. Jimla ɗaya tana iya ɗauke da duka ukun, kamar a ce alƙali ya aika sammaci bayan an shigar da ƙara, kuma mai maganar ba ya jin ya haɗa harsuna uku. Harshe ya sulhunta abin da 'yan doka suka yi shekaru suna jayayya a kansa.

Akwai kuma kalmar da ta fi sauran nauyi a kotun bariki, ita ce tafinta. Babbar Kotu a Kaduna da Ingilishi take rubuta bayani, ta Mokolo da Faransanci. Tsohuwar da ta sauko daga dutse da Mafanci a bakinta, ko ɗan kolin da bai ji komai sai Hausa da Fulatanci, abin da tafinta ya faɗa shi ne maganarsu a takarda. In ya rage, an rage musu. In ya karkace, haƙƙinsu ya karkace. Hausawa sun ce shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba, amma wanda bai ji abin da aka faɗa a kansa ba ya fi kowa zama cikin duhu. A nan ne aikin masu nazarin harshe ya shiga zauren kotu, domin daidaita kalmomin shari'a da horar da masu fassara yana daga cikin abin da ke sa baƙo ya yarda cewa an saurare shi.

Tarihin garuruwan nan ya nuna abubuwa uku da ke kwantar da hankalin mazaunin bariki: ya san dokar da za a auna shi da ita tun kafin ya shiga, ya fahimci abin da ake faɗa, ya kuma san akwai ƙofar gaba in bai gamsu ba. Inda ɗaya ya ɓace, mutane kan koma fada ko gidan malami ko majami'a, in abin ya ƙazanta kuma su ɗauki doka a hannunsu. Nijeriya ta sake zana wani gari a takarda, wato Abuja, wadda aka yi dokar kafa ta a 1976, gwamnati ta tare ranar 12 ga Disamba, 1991, kuma a ƙasar Gbagyi aka sake yi. Wannan karon an tanadar mata Babbar Kotu da kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci da ta al'ada. Indiya ta yi ritayar kundin Macaulay ranar 1 ga Yuli, 2024, ta maye gurbinsa da sabo, amma majistare a Abuja har yanzu da Final Kod yake karanta wa wanda ake tuhuma laifinsa, sannan ya juya ya tambaye shi ko ya fahimta.